Kai mai tsohon babur, sayi sifana, amma ka san inda za ka tsaya

Idan akwai tsohon babur a hannunka, ko wanda Baba ya gaji da shi ya bar maka, ko na yayanka da Allah ya ɗaga ya sayi sabo, ko wanda ka yi ta tari har ka saya na hannu, to yau da kai nake. Na san halin da kake ciki. Da safe sai ka buga kik sau goma kafin ya amsa, kaca tana ƙara kamar ana jan gwangwani a kan kwalta, salansa tana hayaƙi, kuma duk sati biyu kana gaban bakanike kana jiran ya gama da na wani ya waiwaye ka. Kuɗin da aka ba ka na makaranta rabi ya tafi a mai, ragowar a gyara.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Duk matashin da yake hawa babur ya kamata ya iya yi masa ƙananan hidimomi da hannunsa, kuma rashin iyawar abin kunya ne fiye da baƙin mai a farce. Sai dai akwai wani sabon ciwo da ya shigo mana tare da waya, wato mutum ya kalli bidiyo na daƙiƙa arba'in ya tashi yana jin shi ma bakanike ne. Wannan ɗin ya fi rashin iyawar haɗari. Magana biyun nan tare zan tafi da su, don in na ba ka ɗaya na bar ɗaya na cuce ka.

Mu fara da aljihu, tunda nan ne ya fi yi mana zafi. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya tafi, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Darajar naira ta faɗi a daidai wannan tsakanin, kuma kusan duk wani kayan babur daga waje ake shigo da shi, ko daga Indiya ko daga Sin. Shi ya sa sabon babur ya fi ƙarfin yawancinmu, kayan gyara suka yi tsada, shi ma bakanike dole ya ƙara kuɗin aiki don shi ma cefane yake yi. Ma'ana, wannan tsohon da kake rainawa, shi ne za ka ci gaba da hawa har ka gama makaranta, wataƙila har bautar ƙasa. Babur ɗin da fulogi ya yi datti, soson iska ya toshe, taya ba iska, kaca ta bushe, yana shan mai fiye da yadda ya kamata a kowace tafiya. Ba ka ganin asarar saboda ba a lokaci ɗaya take fita ba, kaɗan-kaɗan take tsiyaya.

Akwai wani tarihi da nake so ka sani, don zai canza yadda kake kallon abin hawanka. A shekarar 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa su zagaya ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya, Filifin da Pakistan, su gano dalilin da ya sa baburansu suke saurin lalacewa a can. Abin da suka tarar ba baƙo ba ne a wurinmu: ana lodin mutane da kaya fiye da kima, ba a juye sai mai ya yi kauri ya lalace, matatar iska ta cika da ƙura ta daskare, kaca ta saki har ƙarshe, kuma ba a zuwa gyara sai babur ya tsaya cak. Maimakon su tsaya zagin masu saye, sai suka koma suka ƙera wanda zai jure wannan rayuwar. Shi ne CG125 da ya fito a 1975, mai sauƙin inji, mai soson iska da ake wankewa a mayar. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika titunanmu, injinsu kwaikwayon wannan ne. Su ma irin su Bajaj Boxer da tunanin hanyoyi irin namu aka yi su. To ka ga ba jirgin sama ne a gabanka ba. An yi shi ne don mutum mai sifana huɗu da hankalinsa ya iya kula da shi. Amma jure wahala daban, rashin mutuwa daban. Ko jaki in ka hana shi ruwa kwanciya zai yi.

Kafin ka taɓa komai, san irin injin da kake da shi. Tsofaffin Jincheng ɗin nan masu ƙara da hayaƙi, irin AX100, injinsu yana ƙona man 2T ne tare da fetur, kuma da wannan man yake samun santsi. Ranar da 2T ya ƙare kana cikin gudu, fistin zai iya kamewa nan take. Su Boxer da masu injin CG da roba-roba kuwa baƙin mansu yana zaune a ƙasan inji, shi ake juyewa. Wanda bai san wannan bambancin ba, ya je ya kalli bidiyon wani babur dabam ya zo ya aiwatar a kan nasa, ya fara da kuskure tun kafin ya ɗauki sifana.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17 za su kwance maka mafi yawan notunan da za ka taɓa. Sai sifanar fulogi, filaya, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, tsumma, da tsohon buroshin haƙori. Kar ka sayi sifanar da ake zubawa a faranti mai arha kamar alewa, don bakinta buɗewa yake yi, ya cinye kan noti ya mayar da shi kamar ƙwallo. Sayi ɗaya-ɗaya mai kyau, ko ta hannu ce. Wanda yake Kaduna ya san Panteka, na Kano ya san Ƙofar Ruwa, kuma kowane gari yana da layin da ake samun irin waɗannan.

Aikin farko da ya kamata ka koya shi ne juye, don shi ne ran inji. Ka tayar da babur ya yi minti biyu ko uku mai ya ɗan yi ɗumi ya saki, ka kashe, ka kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, ka sa roba a ƙasa, ka kwance notin juye. Ka ba shi lokaci ya tsiyaye. Ka duba man da ya fito a rana: in ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu yana cin wani a ciki, wannan kuma labari ne na kai wa bakanike. Wurin mayar da noti ne 'yan koyo suke kashe kansu. Notin ƙarfe ne, amma jikin injin da yake shiga alminiyom ne, mai laushi. Ka fara ɗaura shi da yatsunka har ya zauna, sannan ka sa sifana ka ɗan ƙara matsewa. Ba a taka sifana da ƙafa, ba a sa mata bututu don ƙarin ƙarfi. In ka matse fiye da kima zaren cikin injin zai cinye, noti ya riƙa juyawa ba ya kamawa, mai ya riƙa ɗiga. Aikin da ka yi don ka tsira da 'yan ɗaruruwa sai ya ja maka na dubbai. Garin neman gira ke nan.

Yawancin ƙananan baburan nan abin da suke ɗauka bai wuce lita ɗaya ba, wasu ma ba su kai ba, kuma sau da yawa adadin yana rubuce a jikin injin kusa da wurin zubawa. Kar ka ce bari in ƙara masa don ya ji daɗi. Mai in ya yi yawa shi ma matsala ne, yana iya tura kansa ta inda bai kamata ba ya jiƙa soson iska. Ka duba da sandar awo da ke jikin murfin. Sannan maganar irin man. A yawancin baburanmu kuloci a cikin baƙin mai yake wanka, shi ya sa wasu mayukan mota da aka sa musu sinadarin ƙara santsi suke sa shi zamewa: ka ja totur inji ya yi kuka amma babur ba ya gaba. Ka nemi man da aka yi don babur, mai rubutun 4T, in da hali wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, wato ma'aunin da Japan ta fitar don irin wannan kulocin. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san daga wace duro ya fito ba, ni dai ban ba ka shawara ba. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan, kuma ido ba ya rarrabe shi da na ƙwarai. Sayi mai hatimi a wurin da ka yarda da shi, ka buɗe da hannunka.

Wani zai ce yaushe zan riƙa juyewa? Littafin babur ɗin yana faɗin bayan kilomita nawa, amma mu faɗi gaskiya, tsohon babur nawa ne agogon tafiyarsa yake aiki? Yawanci wayar ta tsinke tun zamanin da. To yi amfani da wayar hannunka: ranar da ka yi juye ka rubuta, ka sa ta tuna maka. Mai zuwa makaranta kullum cikin ƙura da cunkoso ba zai jira daidai da wanda yake fita sau biyu a mako ba. Ka riƙa zaro sandar awo duk mako kana gani, in man ya ragu ka cika, in ya yi baƙi ƙirin ya tsinke kamar ruwa ka juye.

Shi kuma man da ka juye, don Allah kar ka zuba a kwata. Ruwan nan rijiyoyin unguwa yake komawa. Ka ɗura a jarka ka kai gareji, suna da masu karɓa. Kuma masu shafa shi a ƙurji ko a jikin dabba wai magani ne, a daina, guba ce.

Na biyu fulogi. Wannan ɗan abin shi ne mai ba ka labarin abin da ke faruwa a cikin inji ba tare da ka buɗe ba. Ka bari inji ya huce sarai kafin ka kwance, ka goge ƙurar da ke gefensa don kar ta faɗa ciki. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, lafiya lau. In ya yi baƙi busasshe kamar gawayi, fetur yana yi wa iska yawa, kuma sau da yawa laifin soson iska ne da ya toshe. In baƙin mai danshi ne da maiƙo, inji yana shan baƙin mai, alamar ringi ya gaji. In ya yi fari fat kamar alli, inji yana zafi fiye da kima, kar ka yi wasa da shi. Ka goge da buroshi, ka duba tazarar bakin, wadda a yawancin ƙananan babura take tsakanin milimita 0.6 zuwa 0.7. Wurin mayarwa, dokar nan ta yatsu tana nan, har ta fi ƙarfi a nan. In ka ji yana turjewa tun zagaye na farko, ya hau karkace ne, ka dawo da shi baya ka sake. Wanda ya tilasta fulogi da sifana ya lalata zaren kan inji, kuma wannan gyaran sai an sauke kan gaba ɗaya. Ka riƙa yawo da sabon fulogi ɗaya a akwatin gefe. Babu nauyi, kuma wata rana shi zai hana ka tura babur daga Kabuga zuwa gida.

Soson iska kuwa shi ne abin da aka fi mantawa, alhali mu da muke shan ƙurar hunturu wata uku ko huɗu a shekara mu ya fi shafa. In na soso ne, ka wanke da kananzir ko ruwan sabulu, ka matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kar ya yage, ka bari ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa, don maiƙon ne yake kama ƙura. In na takarda ne ba a wanke shi, canzawa ake yi. Akwai masu cire shi gaba ɗaya wai babur ya fi numfashi ya fi gudu. Eh, zai yi ƙara mai daɗi na 'yan makonni. Ƙurar da take shiga kuwa aikin sanfefa take yi wa fistin da ringi, kuma ranar biyan kuɗin tana nan tafe.

Yanzu kaca, kuma a nan ina so ka rage gudun karatu. Kaca tana bukatar 'yar sakewa, kamar santimita biyu zuwa uku in ka ɗaga ta da yatsa a tsakiyar ɓangaren ƙasa. In ta saki da yawa za ta iya zamewa ta maƙale ta kulle tayar baya kana cikin tafiya. In ka ɗaure ta tamau kamar tsirkiya, tana cin haƙora tana wahalar da inji, kuma tana iya tsinkewa in ka faɗa rami da kaya a baya. Tsohuwar kaca ba ta sakewa daidai ko'ina, don haka ka juya taya a hankali ka nemo inda ta fi tsauri, a nan za ka yi awo. In za ka ja tayar baya, ka ja ɓangarorin biyu daidai, akwai 'yan zane-zane a kowane gefe da aka yi don haka, in ba haka ba taya za ta zauna a karkace. Ka matse babban notin taya da kyau. Sannan ka sake duba birkin baya, don matsar da taya tana canza shi, kuma wannan ne matakin da bidiyo da yawa suke tsallakewa. In kaca ta ƙare ka canza ta tare da faifan haƙoranta na gaba da na baya, don sabuwar kaca a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Ɗan maƙallin da yake haɗa bakinta kuma, rufaffen gefensa ne yake fuskantar inda kaca take tafiya.

Abu ɗaya kuma ba na so ka manta ko da ka manta duk sauran: ba a goge kaca ko a sa mata mai inji yana aiki. Za ka ga wani ya kafa babur, ya sa giya, taya tana juyawa, ya riƙe tsumma a jikin kaca wai ya fi sauri. Tsumma ya kama, ya ja hannu, kafin ya ce wayyo yatsu sun shiga tsakanin kaca da haƙora. Kashe inji, cire makulli, juya taya da hannu. Haka nan wanke kaya da fetur a kusa da murhu ko mai shan sigari, da tayar da babur a cikin zaure ko ɗaki a rufe. Hayaƙin salansa yana da iskar nan mai kisa marar wari, irin wadda take kashe iyalai da suka kwana da janareta a cikin gida.

Taya da birki da fitila ba sai na ja su ba. Iska a wurin mai faci duk mako, kuma ka sa ya auna da ma'auni, ba ya buga da sifana ya ce ta yi ba. Wayar birki da ta kuloci in ka ga zare ɗaya ya fara tsinkewa, ka canza a ranar. Ƙwan fitilar baya ba ya kai kuɗin data na kwana biyu, kuma shi ne yake gaya wa mai tirela cewa akwai mutum a gabansa.

To ina iyakar? Ni a wurina, ɗan koyo bai da hurumi a cikin inji. Ringi da fistin, bawul, giya, kuloci, duk ka bar wa masu shi har sai ka zauna kusa da wanda ya iya ka ga an yi sau da yawa. Kafireta ma, in ba ka san aikin kowane sukuru ba, kar ka fara murɗawa don ka ji an ce yana rage shan mai. Mutum zai shaƙe wa inji fetur ya yi ta murna tanki yana daɗewa, alhali inji yana dahuwa a ciki. Wayoyin wuta su ma haka. In fis ya ƙone, wani abu ne ya ƙona shi, kuma naɗa masa waya ko takardar sigari ba gyara ba ne, gayyatar gobara ce a ƙarƙashin tankin fetur, tsakanin cinyoyinka. Buɗe birki a canza takalminsa, gyaran wuyan babur in yana rawa, ɗaure wayoyin taya, duk waɗannan in aka yi kuskure ba a gareji ake gane shi ba, a kan titi ake ganewa, kuma ba kai kaɗai ne a titin ba. Akwai ƙanwarka da kake kai wa Islamiyya, akwai yaron da zai tsallaka da gudu.

Ga abin da yake damuna game da bidiyoyin gyara da suka cika TikTok da YouTube. Mu da ake koya wa tace hoto da sauti a aji mun san yadda ake yi: aikin awa uku ake yankewa ya koma minti ɗaya. Notin da ya ƙi kwancewa, sukurun da kansa ya cinye, ɗan ƙarfen da ya yi tsalle ya ɓace a ƙasa, sake kwancewa da aka yi don an manta wani abu, duk an zubar da su a wurin tacewa. Abin da ya rage shi ne hannu mai tsabta, sabon babur, da kiɗa. Kuma mai bidiyon sau da yawa yana Turai ko Amurka, babur ɗinsa ba shi da kafireta ma, kwamfuta ce take auna masa mai, yana da sifana mai awon ƙarfin matsewa, notunansa ba su taɓa ganin tsatsa ba. Naka kuwa ya wuce ta hannun mutum huɗu da bakanike goma, rabin notunan ba na asali ba ne, wani wurin ma walda ce ta riƙe. Ban ce kar ka kalla ba. Ka kalla, amma ka nemi dogon bidiyo na irin babur ɗinka sak, ka kalli biyu ko uku ka ga inda suka yi daidai da juna. Na Indiya da Pakistan sun fi kusa da namu, ko ba ka jin yaren hannu kake kallo.

Ita wayar ma akwai aikin da ta fi yi maka fiye da kallo. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto, ka cire abu ɗaya ka sake ɗauka. Ka jera notuna a kiret ɗin ƙwai bi da bi yadda suka fito. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya: in ka canza fulogi, ka wanke soso, ka murɗa kafireta duk a zama guda, babur ya ƙi tashi, ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Kar kuma ka fara aiki da yamma alhali gobe kana da jarrabawa ƙarfe takwas. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu za su ce, cewa wannan cire wa bakanike abinci ne daga baki. Ban yarda ba. Bakaniken kirki ba da juye da goge fulogi yake riƙe gidansa ba, yawanci ma yaransa yake bar wa su. Abin da yake ci masa rai shi ne mai babur da ya bar inji ya bushe ba mai har ya buga, sannan ya zo yana rantsuwa cewa jiya lafiya ƙalau yake, yana kuma neman ragi. Wanda ya san babur ɗinsa yana zuwa da wuri, yana iya cewa ga ƙarar da nake ji, ga lokacin da take zuwa, ga yadda fulogi ya yi. Aiki ya yi sauƙi ga kowa. Sannan, ba ɓoyewa, akwai ɓata-gari a kowace sana'a, kuma wanda ya san bambancin soso mai datti da inji mai bukatar saukewa ba a yi masa lissafin dawa.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, mu 'yan boko, da muke ganin riƙe sifana faɗuwar aji ne. Saurayi zai tsaya da farar shadda yana danna waya, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana tsugune yana ɗaure masa madubi, aikin noti ɗaya. Wai shi ɗan jami'a. Mutumin da kake kira jahili yana jin ƙarar inji daga nesa ya gaya maka bawul ne ko kaca, kuma ya yi shekaru yana wanke kaya a gareji kafin a ba shi sifana. Wannan ilimi ne, ko ba a ba shi takarda ba. 'Yan uwa mata ma ban cire ku ba. Wanda ya taɓa zuwa Maraɗi ko Yamai ya ga mata a kan baburansu suna harkokinsu, kuma wadda ta iya canza fulogi ba za ta tsaya a bakin hanya da magariba tana jiran taimakon wanda ba ta sani ba.

Hanyar da na fi yarda da ita ta koyo ba ta cikin waya. Ka zaɓi bakanike ɗaya mai natsuwa, wanda ba ya fara aiki da guduma da kurfi, ka riƙe shi. Ka je lokacin da ba cunkoso, ba safiyar Litinin ba. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Oga, yau so nake in yi juyen da hannuna, kai dai ka duba ni, kuɗin aikinka yana nan." Da wuya ya ƙi. Wataƙila yaransa su yi maka dariya yadda ka riƙe sifana, ka bar su su yi, kwana nawa ne. A nan ne hannunka zai koyi abin da babu bidiyon da zai nuna maka, wato yadda ake jin noti ya zauna, da yadda ake jin ya kusa cinyewa. In ya ce wannan ba naka ba ne tukuna, ka ji maganarsa.

Kuma duk ranar da ka gama wani aiki a gida, kar ka hau ka nufi babban titi kai tsaye. Ka zagaya babur ɗin ka taɓa duk notin da ka kwance ka tabbatar ya matsu. Ka duba ƙasa ko akwai ɗigon mai. Ka tura shi da hannu ka kama birkin gaba, ka taka na baya, kowanne shi kaɗai. Sannan ka zagaya layinku a hankali sau biyu, kai kaɗai ba goyo, ka dawo ka kashe ka sake leƙa ƙasan inji. In ka ga noti ɗaya ya rage a kiret ɗin ƙwai, ba kyauta kamfani ya ba ka ba, akwai inda ya fito, kuma babur ba ya fita sai ka gano wurin.